Yadda Gini Yake Zama Alamar Ƙasa, da Matsayin Ganuwarmu

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya. Na lura duk lokacin da aka nuna hoton hasumiyar Eiffel sai kowa ya ce Faransa, in an nuna dala a ce Masar, in kuma an nuna mutum-mutumin matar nan mai ɗaga fitila a ce Amurka. Wa yake zaɓar irin waɗannan gine-gine su zama alamar ƙasa? Me ya sa mu a Najeriya ba mu da ko ɗaya, alhali ga ganuwar Kano, ga Gobarau, ga sauransu? Ko dai namu ba su kai ba ne?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Tambayarka uku ce a ƙunshi guda: wa ke zaɓa, me ya hana mu samun namu, sai ta ƙarshe wadda ta fi taɓa ni, wato ko namu ba su kai ba. Na daɗe ina koyar da tarihi, ina kuma kai ɗalibai gindin ganuwa su gani da idonsu, kuma kusan kowace shekara sai an sami wanda ya yi mini wannan tambaya ta ƙarshe murya ƙasa-ƙasa, kamar mai jin kunya. Zan ba ka amsar tun daga farko: tsayi ko tsufa ko kyau ba su ne ke mayar da gini alamar ƙasa ba. Mutane ne ke ɗora masa labari, su yi ta maimaita shi, su kuma ci gaba da kula da ginin har jikoki su taso su tarar da shi a tsaye.

Waɗanda ka ambata

Ɗauki hasumiyar Eiffel. An gina ta tsakanin 1887 da 1889 domin baje kolin duniya da aka yi a Paris, bikin cika shekara 100 da juyin juya halin Faransa. Tun ana cikin aikin, manyan marubuta da masu zane na birnin suka sa hannu a wata takarda suna cewa wannan tulin ƙarfe zai ɓata musu gari. Izinin da aka ba kamfanin Gustave Eiffel ma na shekara 20 ne, bayan haka ana iya kwance ta. Abin da ya cece ta shi ne an gano tana da amfani wajen aika saƙon rediyo, musamman ga sojoji. Ka ga ke nan abin da yau ake kira fuskar Faransa, saura ƙiris ya koma hannun 'yan gwangwan.

Mutum-mutumin Amurka kuwa kyauta ce daga mutanen Faransa, an ƙaddamar da shi a watan Oktoba na 1886. Masu aikin sun yi shi ne don tuna 'yancin Amurka da abotar ƙasashen biyu. Amma a 1892 sai aka buɗe wurin tantance baƙi a tsibirin Ellis da ke kusa, inda mutane kimanin miliyan 12 suka bi suka shiga ƙasar. Mutumin da ya yi makonni a teku, da zarar jirgi ya doshi gaɓa abin da zai fara hangowa ita ce wannan mata da fitilarta. Su ne suka ba ta ma'anar da duniya ta sani yau, ta maraba da baƙo, suka kuma gadar wa 'ya'yansu.

Masar ta ɗan bambanta, domin dalar Giza ta haura shekara 4,500, babu mai ja da girmanta. Duk da haka in ka sami takardar kuɗin Masar ka juya ta: fuska ɗaya masallaci ne, ɗaya fuskar kuma kayan zamanin Fir'aunoni. Ko ƙasar da ta mallaki dala sai da ta zauna ta auna yadda za ta nuna kanta ba tare da ta watsar da wani ɓangare na tarihinta ba.

Labarin da na fi so ɗalibaina su riƙe

In kana son ka ga yadda gini ke zama alamar ƙasa ƙarara, dubi Zimbabwe, domin ita sunanta kacokan daga kufai ta samo shi. Kusa da garin Masvingo akwai kangon wani tsohon birni na duwatsu da kakannin mutanen Shona suka gina tsakanin ƙarni na 11 da na 15. Sun sassaƙa duwatsun, suka jera su ɗaya bisa ɗaya, babu laka babu wani abin liƙi a tsakani. Katangar babbar farfajiyar ta kai mita 11 a wasu wurare, kewayenta kuwa kimanin mita 250. Birnin ya yi arziki da shanu da zinariya, kuma a cikin ƙasarsa an tono tangaran na Sin, da kayan Farisa, da kuɗin Kilwa ta gaɓar tekun Afirka ta Gabas. Sunan kansa galibi ana fassara shi da gidajen dutse a harshen Shona.

A 1871 wani Bajamushe mai suna Karl Mauch ya isa wurin. Da ya ga ginin sai ya yanke cewa ba zai yiwu baƙar fata ne suka yi shi ba, lalle fadar Sarauniya Bilƙisu ce ta zamanin Annabi Sulaimanu. Ka san hujjarsa? Ya ɓantari ɗan itace daga saman wata ƙofa, ya shinshina, ya ji ƙanshinsa ya yi kama da na fensirinsa, sai ya ce ai wannan itacen Labanan ne. Daga baya aka tabbatar itacen na nan yankin ne. Nakan tsaya a wannan gaɓa in bar ɗalibai su yi tunani, domin a kan ƙanshin fensir aka kafa ƙaryar da ta shafe shekara ɗari tana yawo.

Ƙaryar ta daɗe ne saboda tana da amfani ga masu mulki. A 1890 kamfanin Cecil Rhodes ya mamaye ƙasar, a 1891 kuma aka ɗauki nauyin Theodore Bent ya je ya yi haƙa, ya dawo ya ce aikin baƙi ne daga Gabas ta Tsakiya. In dai wasu fararen fata ne suka taɓa mulkar wurin a da can, ashe Turawa gadon 'yan'uwansu suka zo karɓa. Wani mai suna Richard Hall da aka ba shi kula da wurin a farkon ƙarni na 20 ya kwashe ƙasa mai kauri ya zubar, yana neman abin da zai gaskata wannan zance, a haka ya salwantar da shaidu masu yawa na ainihin mazauna birnin.

Amma gaskiya ba ta ɓuya. A 1905 David Randall-MacIver, wanda ya koyi aikin haƙa a Masar, ya bincika ya ce ginin na 'yan Afirka ne. A 1929 wata Baturiya, Gertrude Caton-Thompson, ta sake haƙawa cikin natsuwa, ta bi ƙasa hawa-hawa, ta tabbatar da maganarsa. Duk da haka, bayan gwamnatin tsirarun fararen fata ta Ian Smith ta ɓalle daga Ingila a 1965, sai aka riƙa matsa wa ma'aikatan tarihi lamba kada su rubuta haka ƙarara a littattafan jagorar baƙi. Peter Garlake, babban jami'in kula da wuraren tarihi, ya ƙi bin wannan layi, ya bar aiki ya bar ƙasar a 1970. Nan Najeriya ya zo daga baya, ya yi aikin haƙa a Ife.

Su kuwa 'yan gwagwarmaya sun fahimci abin da ake so a ƙwace musu. Tun farkon shekarun 1960 suka sa sunan Zimbabwe a jam'iyyunsu, ZAPU da ZANU, alhali a taswira sunan ƙasar Rodeshiya. Ranar 18 ga Afrilu 1980 da aka sami 'yanci, sai sunan kufai ya zama sunan ƙasa. Tsuntsun dutsen da aka sassaƙa a tsohon birnin, guda takwas aka sani, shi ne ke jikin tutarsu. Abin lura a nan, Turawan Rodeshiya ma sun sa wannan tsuntsu a tambarinsu tun 1924. Tsuntsu ɗaya, dutse ɗaya, amma ga su alamar baƙi ce da suka zo suka wayar da jeji, ga 'yan ƙasa kuma shaida ce cewa kakanninsu sun gina birni tun kafin Bature ya san hanya. An kwashe yawancin tsuntsayen zuwa waje. Afirka ta Kudu ta mayar da wasu a 1981, Jamus ta mayar da rabin ɗaya a 2003, ɗaya kuma ya daɗe ajiye a tsohon gidan Rhodes da ke Cape Town.

Wa ke zaɓa ke nan?

Gwamnati tana da hannu babba, domin ita ke buga kuɗi da kan sarki, ita ke tsara littattafan makaranta. Yaron da ya ga hoto ɗaya a aljihun babansa, ya gan shi a bangon aji, ya gan shi a talabijin kafin labarai, ba zai manta da shi ba. Kambodiya har tutarta ta sa wa hoton tsohon wurin ibadarta, Angkor Wat. Sai dai ikon gwamnati yana da iyaka. A 2010 Senegal ta ƙaddamar da wani ƙaton mutum-mutumi na tagulla a Dakar, tsayinsa kusan mita 50, wanda wani kamfanin Koriya ta Arewa ya ƙera a zamanin Shugaba Abdoulaye Wade. Malaman addini suka yi tir da shi, talakawa suka koka da kuɗin da aka kashe. Yana nan tsaye, baƙi suna zuwa, amma a nawa ganin ɗan ƙaramin gidan bayi na tsibirin Gore ya fi shi nauyi a zukatan mutane nesa ba kusa ba.

Wani lokacin ma alamar ba gini ba ce. A Nijar akwai wata bishiya tilo a hamadar Tenere da ayarin gishiri ke gane hanya da ita, har a taswira ana sa ta. A 1973 wata babbar mota ta buge ta ta faɗi. Aka ɗauko gangar jikinta aka kai gidan tarihi na ƙasa a Yamai, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta. Busasshen itace ne, amma ƙasa guda ta ga bai kamata a bar shi a yashi ba.

To, Najeriya fa?

Ciro kuɗin aljihunka ka shimfiɗa su, za ka ga yadda hukuma ta yi ta kewaye wannan tambaya taka. A bayan naira 10 matan Fulani ne da ƙoren nono. A bayan naira 20 Ladi Kwali ce tana ginin tukunya. Naira 200 tana ɗauke da dalar buhuna da shanu, naira 500 rijiyar mai ta cikin teku, naira 1,000 kuma ginin Babban Banki. Wadda ta fi kusa da abin da kake nufi ita ce naira 100 da aka fitar a 1999, mai hoton Dutsen Zuma, wanda ke jihar Neja a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja. Tambarin ƙasa ma ba shi da gini: mikiya ce, da dawakai biyu, da mahaɗar kogunan Kwara da Binuwai.

Fahimtata ita ce, ba rashin abin nunawa ya kawo haka ba, yawansa ne. An haɗe Kudu da Arewa a 1914, kuma kowane sashe ya shigo da nasa tsohon tarihin. Ganuwar Kano ta Kanawa ce, ganuwar Benin ta mutanen Edo ce, kurmin Osun na Yarabawa ne, tsohon garin Sukur na mutanen duwatsun Madagali ne. Duk wanda ka ɗauka ka ce shi ne Najeriya, wani zai ce ina nawa. Dutsen Zuma kuwa ba sarkin da ya gina shi, ba masallaci ba ne ba coci ba, kuma yana tsakiyar ƙasa kamar yadda aka zaɓi Abuja a 1976 don kowa ya ji tasa ce. Abin da ya sa bai tsole wa kowa ido ba, shi ne kuma ya sa bai kama zuciya sosai ba: mutumin Sakkwato ko Kalaba ba shi da wani labarin kakansa da ke jingine da dutsen, ko da yake mutanen da ke zaune a gindinsa tun fil'azal suna da nasu.

Sau ɗaya muka kusa samun irin labarin Zimbabwe. Lokacin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka yi a Legas a 1977, an zaɓi fuskar hauren giwa ta Sarauniya Idia ta Benin ta zama tambarin bikin. Ainihin abin yana gidan tarihi na Landan, cikin kayan da aka kwashe bayan harin Turawa na 1897, kuma ba a ba da shi ko aro ba. Dole masassaƙan gida suka yi kwafinsa. Wannan hani ya sa 'yan Najeriya da dama suka ji abin nasu ne, har hotonsa ya hau tsohuwar takardar naira 1.

Dalar gyada ma ta cancanci a ambace ta. Ba wanda ya gina ta don tarihi, buhuna ne aka tara a Kano ana jiran jirgin ƙasa. Amma ta zama alamar Arewa a idon duniya, kuma ko da fari da cutar gyada da zuwan man fetur suka kawar da ita a shekarun 1970, har yau dattijo in ya ambace ta sai ka ji muryarsa ta sauya.

Ko namu ba su kai ba?

Sun kai, ɗana, har sun wuce. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ake lissafa mulkinsa daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwar. Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, aka sake faɗaɗawa a ƙarni na 17 zamanin Muhammadu Nazaki. Sai dai ka riƙe cewa shekarun sarakunan farko daga riwayar baka aka tattaro su, an rubuta su ne ƙarnoni bayan aukuwarsu, don haka a matsayin ƙiyasi muke koyar da su. Ko a haka, farkon ganuwar Kano ya yi zamani da farkon birnin duwatsun Zimbabwe. An ayyana ta cikin kayan tarihi na ƙasa, tana kuma jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tun 2007, amma har yanzu wurare biyu kacal muke da su a babban jerin wuraren tarihi na duniya: Sukur a 1999 da kurmin Osun a 2005.

Inda muka bambanta da masu dutse da ƙarfe shi ne, mu da ƙasa muka yi gini. Dutse ko an yi watsi da shi shekara 500 za a dawo a same shi. Ginin ƙasa kuwa kamar dabba yake, sai da kiwo. A da, in damina ta wuce, sarki kan sa a yi shela, kowace unguwa da kowane ƙauye su fito gyaran rabonsu na ganuwa, ana kiɗa ana kwaɓa ƙasa ana miƙa tubali hannu da hannu. Kududdufan da ke bin gefenta ramukan da aka ɗebi ƙasar ne. Bayan Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, ganuwa ta daina tsare kowa daga kowa, gayyar ta mutu, ruwan sama ya ci gaba da aikinsa.

Na taɓa kai ɗalibai wani sashe da ya rage. Muka tarar da wani bawan Allah da baro da shebur yana sarar gindin badala, zai je ya yi yaɓen ɗakinsa. Wani ɗalibi ya fusata zai yi masa tsawa, na hana shi. Muka gaisa, na tambaye shi ko ya san abin da yake sara. Ya ce, "Malam, ai tudu ne, kowa nan yake ɗiba, ƙasarsa ta fi danƙo." Na nuna masa inda ruwa ya zaizaye, jerin tubalan suka fito fili, masu siffar ƙwai, kowane an mulmula shi da hannu. Ya sa yatsa ya shafa ɗaya, ya yi shiru, sannan ya ce kakansa magini ne. Ban ga laifinsa kamar yadda na ga namu ba, mu da muka yi karatu muka san labarin amma muka bar shi a cikin aji. A wurin babu allo, babu shinge, babu ko kalma ɗaya da Hausa ko ajami da za ta gaya masa cewa tudun nan aikin kakanninsa ne.

Maƙwabtanmu sun nuna cewa ginin ƙasa yana iya zama fuskar ƙasa. Babban masallacin Jenne a Mali, wanda ginin yanzu na 1907 ne, duk shekara garin gaba ɗaya ke fitowa yaɓensa: mata na kawo ruwa, samari na gudu da kwandunan laka, magina na hawa kan itatuwan da suka fito daga jikin bango. Hasumiyar masallacin Agadas mai mita 27, wadda aka fara ginawa a 1515 aka sabunta a 1844, tana tsaye don ana salla a ƙarƙashinta ana kuma yi mata yaɓe, kuma tsohon birnin ya shiga jerin UNESCO a 2013. In aka nuna hotonta yau, duk wanda ya san yankin zai ce Nijar.

Akwai masu ganin mafita ita ce a rushe a sake da siminti, kamar yadda aka yi wa wasu ƙofofin Kano da aka faɗaɗa don motoci. Na fahimci uzurinsu, birni ya cika, motar asibiti tana bukatar hanya. Amma ni ban yarda a kira wannan gyara ba. Ƙofar siminti tana riƙe suna ne kawai, aikin hannun da ya sa take da daraja ya tafi. Da a ce an bar tsohuwar a tsakiya titi ya kewaye ta hagu da dama, da an tsira da duka biyun. Batun yadda za a haɗa ƙasa da makuba, da irin azarar da ta dace, da lokacin da ya kamata a yi yaɓe, wannan fannin Sarkin Magina ne da jama'arsa, ni malamin tarihi ne, kuma duk shirin gyaran da bai fara da su ba ina shakkarsa.

Tunda a Zariya kake, ba sai ka je Kano ba. Ka je babban masallacin Juma'a na ƙofar fada, ka nemi izini a nuna maka tsohon ginin da ke cikin sabon. Babban Gwani Malam Mika'ilu ne ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajajen shekarun 1830 zuwa 1840. Ka ɗaga kai ka dubi bakan gizon da ya ɗaure rufin da su, ƙasa ce da azara kawai, ka dubi zanen da ke jikin ginshiƙai. Daga nan ka bi ta Ƙofar Doka ko Ƙofar Gayan ka ga abin da ya rage na ganuwarku. Ka tafi da littafi da wayarka, ka ɗauki hoto ka rubuta ranar, ka nemi dattijon unguwa ka tambaye shi iya inda katangar take kaiwa lokacin yana yaro. Bayan damina ka koma daidai wurin ka sake ɗauka, ka aiko mini da hotunan biyu.